Wadda Ta San Makwancin Kowa

Cocin nan ba wani babba ba ne. Ɗaki ɗaya ne dogo mai rufin kwano, benci shida ta dama, shida ta hagu, sai tebur a gaba da ake shimfiɗa wa farin ƙyalle ranar Lahadi. Ƙararrawarsa tsohon ƙarfen tayar babbar mota ne da aka rataya a jikin bishiya, ana buga shi da guduma. In kowa ya zo, har masu goyo da abin da suka goya, da ƙyar a kai mutum talatin. Faston da ke kula da su matashi ne, ikkilisiya uku ke wuyansa, saboda haka sai bayan mako biyu ake jin ƙarar babur ɗinsa.

A bayan cocin akwai makabarta, a bayan makabartar kuma rafi. Waɗanda ke kwance a can sun fi masu zama a kan benci yawa, kuma tsohuwar da kowa ke kira Gwaggo ba ta gajiya da faɗa wa duk baƙon da ya yi musu kallon 'yan kaɗan. "Kada ka ƙirga mu a nan ciki kaɗai," takan ce. "Leƙa ta taga tukuna. Mu ba ƙananan mutane ba ne, wasunmu ne suka riga mu gaba."

Gwaggo ta haura shekara saba'in. Tana 'yar ashirin aka kawo ta garin, amaryar malamin waƙa na cocin. Malam ya rasu shekara tara ke nan. 'Ya'yanta maza uku ne, biyu suna aiki a birni, autan yana noma a gida, shi da matarsa suke zaune da ita. Ba ta yi karatu ba, lambobin waƙa kawai take ganewa in an rubuta a allo. Amma a faɗarta, tun da ta zo ba a taɓa sa kowa a ƙasa ba tana wani wuri. Ita ke shirya gawar mata, ita ke zama da masu makoki, ita ke tsayawa bakin rami har a gama mayar da ƙasa. Kanta kuwa kamar rumbu, abin da ya shiga ba ya zubewa. Ta san haka, kuma ba ta ɓoye cewa ta sani.

A daminar da abin ya faru an yi ruwa kwana uku ba ƙaƙƙautawa. A kwana na uku da rana tsaka rafin ya tumbatsa, ya haura gaɓa, ya bi ta makabartar. Mutane na tsaye a ƙofar gidajensu suna kallon shingen makabartar da gicciyen katako na kan kaburbura suna tafiya bisa ruwa kamar kara, ba mai iya yin komai. Da ruwan ya janye, sai ga wurin a shafe, yashi da laka sun rufe shi kamar an bi da tafin hannu. Ruwa bai tono kowa ba, wannan kam an gode wa Ubangiji. Amma babu tudu, babu alama, ba ka iya cewa ga inda wane yake.

Ran Asabar Fasto ya iso, laka har gwiwar wandonsa. Aka taru a coci. Ya ce da Tela, wanda shi ne dattijon da ke riƙe da takardun ikkilisiya, ya kawo littafin da ake rubuta waɗanda suka rasu. Tela ya ɗauko akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin tebur, ya daɗe yana neman makulli a aljihunan da ya san ba ya ciki. Da aka buɗe, sai bango biyu da garin takarda a tsakani. Gara ta gama da shi.

"Baba, tun yaushe?" in ji Fasto.

"Ya ɗan kwana biyu."

"Kwana biyu nawa?"

Tela ya sunkuyar da kai. "Shekara huɗu."

Daga bencin baya Magini ya ce, "Ashe garar garin nan ta fi mu son karatu." Aka ɗan yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka.

Magini tsoho ne, aminin marigayi Malam. Shi ya ɗora yawancin tubalin cocin, shi kuma ke haƙa kabari tun yana saurayi har bayansa ya ƙi. Fasto ya tambaye shi ko zai iya tuna wuraren. Ya girgiza kai. "Ɗana, ni rami na sani. Na haƙa da yawa, sun gauraye mini. In na ce maka ga wane, ƙarya zan yi a ɗakin Allah."

Sai Fasto ya kawo shawara, kuma ba shawarar banza ba ce. Ya ce a kafa babban gicciye ɗaya na siminti a tsakiyar wurin, a rubuta sunayen duk waɗanda aka tuna a jikinsa. Ya ce Ubangiji ya san inda kowa yake, ranar tashi ba zai nemi alama ba. Mutane suka fara gyaɗa kai.

Gwaggo ta dafa bencin gabanta ta miƙe.

"Fasto, maganarka gaskiya ce, Ubangiji ba ya bukatar alama. Mu ne muke bukata. Mutanen nan kowa da ɗakinsa ya kwanta, ba a kasuwa muka zuba su ba. In jikan wani ya zo ya ce a nuna masa kakansa, sai mu nuna masa fili?"

"To Gwaggo, ya za mu yi? Littafi ya tafi."

"Littafi ya tafi, ni ina nan."

Tela ya yi gyaran murya. "Gwaggo, ba a raina ki ba. Amma wuri ya zama kamar faifai. Ko ke..."

"Kai da gara ta cinye maka aiki, ka bari in yi nawa."

Magini ya yi murmushi. Shi kaɗai ne har yau yake kiranta da sunan da ya fara saninta da shi. "Amarya, baki shi ke yanka wuya. In kin tabbata, mu je ki nuna."

Suka fita gaba ɗaya, ita a gaba da sandarta. Ta je ta jingina bayanta da tagar baya ta cocin, ta dubi kututturen bishiyar da ruwa ya kasa tumɓukewa, ta dubi wani dutse a gaɓar rafi. Sannan ta fara takawa a hankali, laka na kama mata ƙafa, leɓunanta na motsi. Ta tsaya.

"Nan mai gyaran keke yake. Ɗansa ya ce katako ba ya daɗewa, ya kafa masa bututun ƙarfe wajen kai, daga baya ya karye, gindin ya rage a ƙasa. Ku tona nan, kamu biyu."

Autanta ya sa shebur. Ya kwashe yashi sau ɗaya, sau biyu, sau biyar. A na shida shebur ya yi ƙara. Ya durƙusa ya share da hannu, sai ga bakin bututu mai tsatsa.

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dubi Tela. "Je ka nemo sabon littafi. Wannan karon ka rataye shi a sama."

Haka aikin ya fara ran Litinin. Da hantsi Gwaggo za ta fito, surukarta na biye da kujera 'yar tsugunno, ko da yake ba ta cika zama a kai ba. In ta tsaya ta nuna, maza su kafa turke, ta faɗi cikakken sunan mamaci da na mahaifinsa da shekarar da ya tafi, Tela ya rubuta. Shekarun ba da lamba take faɗa ba. Sai ta ce shekarar da aka sauya rufin coci, ko shekarar da rijiya ta rufta, Tela da Magini su yi ta gardama har su fitar da lambar. A gefe, ƙarƙashin inuwa, Magini ya shirya allunan katako yana zuba siminti, in ya fara kamawa sai ya rubuta suna da ƙusa. Hannunsa na rawa in ya ɗauki kofi, amma in ya riƙe ƙusa ba ya rawa.

Ba ta iya faɗin suna ta wuce. Kowa sai ta ba da labarinsa, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Ta nuna musu tsohon da ya fara tara mutane addu'a a gindin bishiya tun babu ko tubali ɗaya, wanda ya yi shekara biyu yana wa matarsa da awakinsa wa'azi kafin mutum na uku ya zo. Ta nuna musu ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin waɗanda ke tsaye a wurin. Ta nuna wasu 'yan'uwa mata biyu da suka yi shekara ashirin ba sa ga maciji saboda iyakar gona, ga su nan kafaɗa da kafaɗa. "Ƙaramar ta ce kada a sa ta kusa da yayarta," in ji Gwaggo. "Na ce to. Da ta tafi na ce a sa ta nan. Yanzu ai sun shirya, ko ba su so."

A wani wuri ta tsaya ta ce, "Wannan baƙo ne." Matafiyi ne da ciwo ya kayar a bakin hanya, aka ɗauko shi aka kwantar a baranda ta coci, matan ikkilisiya suka yi jinyarsa kwana huɗu. Bai iya magana ba har ya cika. Ba a san sunansa ba, ba a san garinsu ba, ba a san ko da wane suna yake kiran Allah ba.

"Me zan rubuta?" in ji Tela.

"Rubuta Baƙonmu. A hannunmu ya mutu, namu ne."

Labari ya bazu. Maƙwabta da ba 'yan coci ba suka fara zuwa kallo, daga kallo suka shiga ɗaukar duwatsu, domin an yanke shawarar a gina katanga a gaɓar rafin. Wasunsu ma sun san mutanen da ake ambata, sun yi noma tare, sun sha rijiya ɗaya. Tela kuma ya zauna da waya yana kiran 'ya'yan ikkilisiya da ke birni. Bayan kwana biyu motar siminti ta iso.

Ran Laraba da yamma aka zo kan Malam. Kabarinsa na can gefe, ƙurya ta gabas, nesa da inda aka jera dattawa. Gwaggo ba ta ƙirga taku ba, kai tsaye ta je. Wannan wurin ya daɗe yana ci mata rai. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana koya wa ikkilisiya waƙa, a ganinta a tsakiya ya kamata a sa shi. Amma shi ya zaɓi ƙuryar da bakinsa tun yana kwance, ita kuma ta ɗauka tawali'u ne irin nasa da yake ba ta haushi tun suna da ƙuruciya. Ta faɗi sunansa da ƙarfi, sau biyu, don kada Tela ya yi kuskure. Ba ta ba da labarinsa ba, kowa ya sani.

Ran Alhamis kafin rana ta take aka kafa turke na ƙarshe. Gwaggo ta zauna a kujerar nan a karo na farko da niyyar hutawa, ta miƙe ƙafa.

"Hamsin da biyu," ta ce. "Babu wanda ya ɓata. Tela, ƙirga naka."

Tela ya bi layukan da yatsa. "Hamsin da biyu cif."

Mata suka fara tafa mata. Surukarta ta miƙa mata ruwa tana murmushi kamar ita ta yi aikin. Gwaggo ta sha, ta ɗaga kai tana duban turakun a jere, zuciyarta fal.

Magini bai tafa ba. Ya goge hannunsa a jikin riga, ya matso kusa da ita, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Amarya, da saura ɗaya."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Tsufa ya fara taɓa ka. Kai da ka ce sun gauraye maka."

"Sun gauraye. Ban da wannan."

Ta sake bin su a ranta, layi-layi, daga taga har gaɓa. Hamsin da biyu. Ranta ya fara ɓaci. "Faɗi sunansa in ji."

"Tashi mu je. Mu biyu."

Yadda ya yi maganar ya sa ba ta ƙara musu ba. Ya wuce gaba, ta bi shi, sandarta na nutsewa a yashi. Ya kai ta ƙuryar gabas, ya tsaya dab da turken Malam, ta hannun hagu. Ya zana ɗan ƙaramin wuri da yatsan ƙafarsa, tsawonsa bai kai kamu uku ba.

"Nan. Ni na haƙa, shi ya sa ta da hannunsa. Ba kowa sai mu biyu da tsohon fasto."

Gwaggo ta tsaya tana kallon zanen. Sai ta gane.

Shekara biyu da aurenta ta yi haihuwar fari, haihuwa mai wuya. 'Yar ta zo da rai, mace, ta kwana ɗaya ta koma. Ita kuma jini ya ɓalle mata, aka ɗauke ta zuwa asibiti mai nisa ba ta san inda kanta yake ba. Kwana goma sha ɗaya ta yi a can. Da ta dawo, Malam ya zauna bakin gado ya ce mata Ubangiji ya karɓi abarsa. Ta juya fuska ga bango. Ba ta tambayi inda aka sa ta ba, don a lokacin fushi take yi da Allah, da Malam, da duk macen da ta gani da goyo. Shekara guda tana zuwa coci ba ta buɗe baki a waƙa. Daga baya maza suka zo ɗaya bayan ɗaya, fushin ya huce, tambayar kuma ta yi nauyi har ta kasa ɗaguwa. Ta rufe maganar ta ɗora mata dutse. Ko 'ya'yanta ba su sani ba.

"Ya ce kada in faɗa miki sai kin tambaya," in ji Magini. "Ya ce ciwonki ne, ke za ki san ranar da za ki iya taɓa shi. Na jira, ba ki tambaya ba. Shi ya tafi. Ni ma ga shi ƙafata ɗaya na rami. Da na ga za a rufe littafi babu ita, na ce gara in karya alkawari in je in ba shi haƙuri da kaina."

"Shi ya sa ya ce a kawo shi nan," ta ce.

"Shi ya sa. Ya ce yarinya ta daɗe ita kaɗai."

Ta zauna a kan yashin, ta ɗora tafin hannunta a cikin zanen. Shekara tara tana zuwa nan tana cire wa Malam ciyawa, tana tsayawa a daidai wannan wurin, a kan 'yarta, ba ta sani ba. Ita da ta san makwancin baƙon da ba shi da suna. Ba ta yi kuka mai sauti ba. Hawaye ne kawai suke bin kumatunta suna ɗiga a zane. Daga nesa mutane suka ga abin da ke faruwa, surukarta ta yunƙura za ta zo, Tela ya riƙe ta.

Ta koma gida, abincin da aka ajiye mata ma haka aka ɗauke shi. Washegari da sassafe ta tafi coci ta tarar da Fasto, wanda ya ƙi komawa tun farkon mako, yana wanke fuska a bakin randa. Ta gaya masa duka, a tsaye, ba ta rage komai ba.

"Na cika baki a gaban jama'a na ce ba wanda ya ɓace mini," ta ce. "Ashe tawa na yar."

Fasto ya ajiye kofin. Bai yi mata wa'azi ba. Ya ce, "Gwaggo, kin riƙe wa mutane hamsin da biyu nasu. Ubangiji ya sa wani ya riƙe miki ɗaya. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Ai amfanin ikkilisiya ke nan."

Ta juya maganar a ranta. Can ta ce, "Yaro ne kai, amma wani lokaci kana faɗin abin kirki."

Ta wuce wajen Magini, ya riga ya kwaɓa siminti, ya haɗa ƙaramin allo daban da sauran. Ya ɗauki ƙusa yana jiranta.

"Ba a kai ga sa mata suna ba," in ji shi.

"Tana da suna a wurin da take. Kai dai rubuta 'Yar Fari. Ka sa sunan ubanta a ƙasa, da nawa. Kuma ka miƙe layin, na ga na ungozoma ya karkace."

"Bai karkace ba, idonki ne."

"Ya karkace."

Ya rubuta a hankali, harafi bayan harafi, tana tsaye a kansa tana kallo, ko da yake ba ta iya karanta ko ɗaya ba.

An ɗauki mako uku kafin a gama katangar a kafa allunan. Fasto ya sa ranar Lahadi ta sujadar tunawa. Tun ran Asabar motoci suka fara shigowa garin, mutanen da aka yi shekaru ba a gani ba, da 'ya'yansu da ba su taɓa taka ƙasar kakanninsu ba. Ran Lahadi benci goma sha biyun nan ba su ɗauki ko rabin jama'a ba. Aka fito da su waje, aka aro kujeru daga maƙwabta, aka yi sujada a fili ana fuskantar makabarta.

Bayan wa'azi Tela ya miƙe da sabon littafinsa zai karanta sunaye. Fasto ya ɗaga masa hannu, ya juya wajen Gwaggo. Ta tashi cikin farin zanenta, ta ƙi karɓar sanda. Ta fara daga tsohon da ya yi wa awaki wa'azi. Duk sunan da ta kira, 'yan gidan sai su miƙe su je su tsaya wajen allonsa. Wani gidan mutum goma, wani mutum ɗaya. Da ta kira Baƙonmu ba wanda ya motsa, sai matan ikkilisiya suka dubi juna, su huɗu suka tashi suka je. Muryarta ba ta yi rawa ba, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Tela na bin ta da yatsa a littafi, tun yana dubawa har ya rufe shi ya rungume a ƙirji.

Ta kira Malam, 'ya'yanta uku da matansu da jikoki suka tashi. Sannan ta ɗan tsaya.

"Ta hamsin da uku tawa ce," ta ce. "'Yata ta fari. Kwana ɗaya ta yi a duniya. Na yi shekara hamsin ban ambace ta ba, yau na ambace ta a gaban Allah da gabanku. Ba ni na tuna da makwancinta ba, wancan tsohon ne ya riƙe mini amana."

Ta taka da kanta har ƙuryar gabas. Babban ɗanta, mutum mai furfura a gemu, ya durƙusa ya karanta ƙaramin allon, ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Inna, ashe duk shekarun nan mulkin banza nake yi wa ƙannena. Ina da yaya."

"Kana da ita. Sai ka rage ɗaga kafaɗa."

Dariya ta kama su a tsakiyar hawaye. Daga nan ta ɗauki waƙa, ɗaya daga cikin waɗanda Malam ya koyar tun cocin bai da rufi. Muryar tsohuwa ce, ta ɗan dushe, amma ba ta kauce ba. 'Yan gida suka karɓa, 'yan birni da suka zaci sun manta suka ji kalmomin na fitowa da kansu. Maƙwabtan da suka ɗauki duwatsu na tsaye bayan katanga suna saurare har aka gama.

Da la'asar baƙi suka fara watsewa. Aka mayar da benci ciki, mata na wanke tukwane a gindin bishiya. Gwaggo ta hango Magini zaune a kan sabuwar katangar yana duba aikinsa, ta je ta same shi.

"Awonka na aljihu?"

"Kullum."

"Zo ka auna mini nan." Ta nuna hagun ƙaramin allon. "Yarinya a tsakiya, shi ta can, ni ta nan. Ka gani ko zan shiga."

Ya sauko da ƙyar, ya ja awon, ya duba, ya sake dubawa. "Za ki shiga, in ba ki ƙara ƙiba ba. Amma ni kike ba wa sallahu? Ai ni zan riga ki."

"Ba ka isa ba. Sai ka gama mini nawa allon."

"To in zuba shi gobe, a ajiye miki a bayan ƙofa."

"Ka zuba, ka bar wurin shekara. Ba sauri nake ba."

Ya naɗe awon ya mayar aljihu. Surukarta ta leƙo daga gefen coci tana cewa shayi na hucewa. Suka kama hanya su biyu, shi yana ɗingishi, ita tana gaya masa cewa katangar ma ta ɗan yi ciki daga can ƙarshe, shi kuma yana cewa ta je ta kawo wanda ya fi shi.